Ɗaki na Huɗu a Makewayin Kasuwar Gangara

Jama'a, abin da zan ba ku ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi da a ce ni kaɗai ya taɓa da na haɗiye abina na yi shiru, to amma uwar 'ya'yana ya taɓa, Rabi, kuma har yau ban samo kanta ba.

Ni magini ne daga Agiye, shekaru da dama da suka wuce aka ba ni aikin gina makewayi a kasuwar Gangara, ɓangaren maza daban, na mata daban. Wani injiniya ya kawo mini takardar zane daga buro, wato ofishinsu, komai a rubuce: ɗaki huɗu a jere na mata, kowane faɗinsa santimita casa'in, bango ya wuce kan mutum, sakata ta ciki, sannan a ja doguwar katanga a gaban ƙofofin don kada namiji ya hango wadda ta shiga ko wadda ta fito. Na ji daɗin zanen nan ƙwarai, domin na san wahalar da mata ke sha ranar kasuwa, su wuni a matse tun safe saboda kunya.

Matsalar ita ce wurin. Dole ramukan su yi nesa da rijiya, dole kuma in jera su yadda mai tsugunno ba zai fuskanci alƙibla ba, ba zai ba ta baya ba, ga hanyar amalanke ta tare ni ta yamma. Na ja igiya na sake ja, duk yadda na juya sai ramin ɗaki na huɗu ya faɗa kan wani tsohon suri mai sabara a gindinsa.

Ina cikin buga turaku da hantsi sai ga wata tsohuwa mai sai da daddawa, Inna Tambai ake ce mata, ta tsaya tana kallona kamar na taka mata tabarma. Ta ce tun zamanin kakanninsu nan bayan sabarar mata ke kewayawa, amma ba a taɓa tsugunnawa kan surin ba, kuma duk mai wucewa sai ta yi gyaran murya.

"Ɗana, wurin ga da mai shi," ta ce. "Yi ukku ka bar mata nata."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini, na ce Inna takarda ta ce huɗu. Duk da haka da injiniya ya zo na gaya masa, shi ma ya yi tasa dariyar, ya ce ba zai koma buro da hoton ɗaki uku ba saboda gidan gara. To ni wane ne? Na fasa surin, aka haƙa rami, na yi gini, na yi shafe, na auna kowane ɗaki da hannuna, casa'in cif.

Kun san al'adarmu, in ka zo ƙofar makewayi sai ka yi gyaran murya, in da mutum a ciki ya mayar maka, ka ja baya ka jira. To kasuwa biyu da buɗe wurin sai mata suka fara ƙorafi, wai ɗaki na huɗu kullum da mutum. Duk wadda ta yi gyaran murya sai a amsa mata, ta tsaya da butarta har ta gaji, ba wadda ke fitowa. Wata ranar da ba kasuwa, da rana tsaka, na je da kaina, ƙofar a saye, na yi gyaran murya don dai in ƙaryata su. Wallahi tallahi aka amsa mini, muryar mace, a hankali, irin ta wadda ba ta son a dame ta. Na tsaya na jira ba wadda ta fito, na yi sallama shiru, na tura ƙofa, babu kowa sai ƙudaje biyu.

Ban san me ya sa na ciro ma'aunina ba, hali ne na magini kawai. Na auna faɗin ɗakin, saba'in. Na fita na auna ginin ta waje, bai ragu ba, kaurin bango bai ƙaru ba, sauran ukun casa'in casa'in. Na aro ma'aunin wani kafinta na sake, saba'in dai. Taƙi guda ya ɓace a cikin ɗakin da na gina da hannuna, kuma ban gaya wa kowa ba, tsoro nake ji a ce ban iya aiki ba.

Nan ne na cuci kaina. Maganar ta bazu har Agiye, ana cewa na gina wa mata ɗakin aljanu, wasu ma sun koma bayan gari. Rabi tana kai tabarmi Gangara duk ranar kasuwa, mace ce mai zuciya, ba ta jure a taɓa sunana. Wata ranar kasuwa muna cikin motar Gangara ta ce mini yau za ta shiga ɗakin nan a gaban kowa, a daina wannan shirme. Da na gaya mata zancen ma'aunin wataƙila da ta fasa. Sai kawai na ce ta bari, ta ce ba ta bari, ni kuma a ƙasan raina ina son a wanke ni.

Bayan azahar ta ɗauki buta ta shige bayan katangar, ni ina tsaye daga waje, domin namiji ba ya wuce nan. Na ji gyaran muryarta, na ji an amsa, na ji ƙarar sakata. Shi ke nan.

Jama'a, ban taɓa tsanar aikina kamar ranar ba. Katangar da na ɗaga don kada a ga mata ita ta hana ni ganin matata, sakatar da na zaɓo mai ƙarfi don kada a tura wa kowa ƙofa ita ta kulle ta, bangon da na yi alfahari da tsawonsa ba ya leƙuwa. Ina jin mata suna bubbuga ƙofa suna kiran sunanta, ni ina kai da komowa kamar kazar da aka ɗauke wa 'ya'ya, in na yunƙura zan shiga sai dattawa su riƙe ni, wai akwai matan mutane a ciki. Har aka kira la'asar ba ta fito ba. Na je neman guduma ke nan sai na ji an ce ga ta.

Ta fito lafiya lau, zanenta ko ƙura babu, ruwan butar ma bai ragu ba. Na ce me ya tsare ki? Ta dube ni da mamaki, ta ce ai yanzu ta shiga, wata baiwar Allah ce ta tarar a ciki ta ce ta ɗan matsa mata, wurin ya yi musu kaɗan, ita kuma ta matsa. Inna Tambai tana gefe, ta rufe kwandonta ta tafi, ban ƙara ganinta a kasuwar ba.

Tun daga ranar Rabi ba ta ƙara zama a tsakiyar komai ba. In ta hau tabarma sai ta matsa ta bar ɗan fili a gefe, a kan kujerar tsugunno rabi take zama, a mota ta matse jikinta ta bar fili ta hagu ko da ana cunkoso. Tana girki, tana hira, tana dariya, amma wannan filin ba ta yarda a shige shi. Na kai ta likita a Maraɗi suka ce ba su ga komai ba, na kai ta wurin malamai har Gidan Sori, an yi rubutu an yi hayaƙi, na koma Gangara na toshe ƙofar ɗakin da bulo, na tsaya a gabansa ni kaɗai na ba da haƙuri kamar mahaukaci. Ba abin da ya sauya.

Wata rana da safe raina ya ɓaci, na zo na zauna daidai wurin da ta bari a kan tabarma. Ta ajiye ludayin hannunta, ta dube ni a tsanake.

"Malam, tashi mana," ta ce. "Ka danne mata ƙafa. Ka riga ka raba ta da nata, nan ma sai ka hana ta?"

Na tashi. Da ta fita tsakar gida na ɗauko ma'aunina, na auna filin da ta bari, daga inda ta zauna zuwa bakin tabarmar. Santimita ashirin ne, ba ƙari ba ragi.

Ni dai ban san ko mene ne ba, Allah shi ya bar wa kansa sani. Abin da zan ce muku, in kun zo ƙofar makewayi kada ku manta addu'a, in kuka yi gyaran murya aka amsa, ku nemi wani ɗakin ko da kun tabbata babu kowa. Ku kuma 'yan'uwana magina, in tsohuwar wuri ta ce ku bar taƙi guda, ku bar shi tun yana ƙasa. Ni ban bari ba, ga shi yau shekara da shekaru a cikin ɗakina ake barinsa.