Allin Aji a Cikin Birkin Gaba

A shekara ta biyu ta fari ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, mahaifina kuma yana ƙauyenmu can gefen Guna. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Aka cinye na rumbu, aka share ƙasan rumbu, daga ƙarshe aka daka iri aka sha. Sai ga saƙon Baba ta bakin wani mai jaki: ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci akwai babbar mota mai zuwa kudu, shi da Inna da ƙannena za su bi ta, tunda ba shi da abin da zai sa a ƙasa ko da ruwa ya sauka.

Hankalina ya tashi ƙwarai. Kakana ne ya sare gonar nan, kuma na ga yadda masu tafiya da iyali ba su cika dawowa ba. Malamin ajin da ke jikin nawa, wani Kirista mai sanyin hali, ya ji ina ta yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili, ya ja ni gefe ya tambaye ni. Da ya ji, sai ya ce kawunsa a Dakusa ya liƙe irin gero cikin tulu da laka, in je in ce shi ya aiko ni. Ran Laraba da aka tashi na hau moto, wato babur ɗina, na je, dattijon ya auna mini tiya shida.

To, moton nan tana da ciwo. Da na kama birkin gaba sai kanta ya hau karkarwa kamar mai masassara, har haƙorana su haɗu. Na ɗora laifin a kan hanya, na ɗora a kan wanda ya sayar mini, har Turawan da suka ƙera ta ban ƙyale ba. A hanyar dawowa, a wani gangare tsakanin duwatsu, wata saniya da ƙashi kawai ya rage mata ta tsaya a tsakiyar hanya. Na kama birki, kan moto ya fizge, sai ga ni a ƙasa. Bakin buhu ya kwance, iri ya watse cikin rairayi.

Wasu mata da ke layin rijiya suka zo da rariya da faifai, suka durƙusa suka yi ta tankaɗe rairayi tare da ni. Yunwa a fuskarsu ƙiri-ƙiri, amma ban ga wadda ta kai ƙwaya ɗaya baki ba. Duk da haka kusan tiya guda ta bi ƙasa. Na yi kuka a wurin, ban ji kunyar kowa ba.

Alhamis ba a karatu a zamanin, don haka da sassafe na tura moto, da buhun irin a kanta, cikin Birni, wurin wani tsoho Babarbare mai gyara a gindin bishiyar bedi. Hanyar Guna ta fi ta Dakusa muni, kuma in na sake faɗuwa shi ke nan.

"Wushe, wushe, Mushe," ya gaishe ni da yarensu, Mushe kuwa haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu. "Kai da wa kuka yi dambe?"

"Baba, ni da wannan banzar ce. Ka canja mata birki yanzu yanzu, sauri nake."

"Sabo dai babu shi a garin nan. Zauna."

Ban zauna ba, na tsaya a kansa ina huci. Ya kama birki ya jijjiga moton gaba da baya, kunnensa a wuyanta, ya ce wuya lafiya lau. Ya ɗora ta a kan turmi, ya juya ƙafar gaba yana kallon taya, ya ce ita ma ba laifi. Sannan ya miƙo mini hannu.

"Ba ni alli."

"Alli kuma? Baba, karatu za ka koya mata?"

"Ai gara ita, tana ji in an faɗa mata. Mushe ba ya rasa alli a aljihu, kawo."

Na ba shi guntu. Ya kwance ƙafar, ya fito da fatun birki, ya shafe cikin kwanon ƙarfen da suke matsewa, wanda ya kira tambur, da alli har ya yi fari fat. Ya mayar, ya juya ƙafar yana taɓa birki kaɗan kaɗan, ya sake buɗewa. Allin ya goge a wuri biyu masu kallon juna, sauran kuwa yana nan yadda ya shafa shi.

"Ka gani? Tambur ɗinka ya zama ƙwai. Fata ta kama nan, ta saki nan, ta kama, ta saki. Karkarwar ke nan."

Ya ɗauki ƙusa yana ƙwanƙwasa wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi ƙara siririya, wasu suka amsa a dushe. Ya ɗago ya dube ni.

"Wane gwani ne ya ɗaure waɗannan?"

Ni ne. Tun da famfo ya daina kawo ruwa nake ɗauko jarka biyu daga wata rijiya a bayan gari, wayoyin suka fara kaɗawa. Na ari filaya na murɗe waɗanda hannuna ya kai, iya ƙarfina, har ina yaba wa kaina. Su ne suka ja tambur suka karkatar da shi.

"Ni ne, Baba."

"Na sani. Na so ne in ji ko bakin zai iya faɗa."

Ya sassauta su duka, ya fara ɗaurewa, rabin murɗi a nan, rabin murɗi a wadda ke fuskantarta, yana zagayawa yana ƙwanƙwasawa. Aikin ya ci har azahar. Wannan karon na zauna, ni nake juya masa ƙafar. Ya goge ƙyallin fatun da takarda mai yashi, ya sake shafa alli. Sau uku muna buɗewa. A na ukun allin ya goge kewaye guda, sai ɗan ɗigo. Da ya ji abin da ke cikin buhun, ya ɗinke bakinsa da kansa, ya ce in na isa in gai da mai gona.

Juma'a da hantsi na kama hanya. A gangaren farko na kama birki a hankali ina jiran fizga. Moto ta rage gudu sumul, ta tsaya. Na yi dariya ni kaɗai a daji.

Na tarar an ɗaure kaya a tsakar gida. Har ƙyauren ɗakin Baba, na kwano, an cire an jingine a kan tabarmi, don ba a barin ƙyaure ga kango. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance buhu a gabansa. Ya zura hannu har wuyan hannu, ya ɗebo, ya shinshina, ya ga ɗan rairayin da ya rage a ciki. Sama wayam take, ko gizagizai babu.

"Ba zai rufe gonar ba," ya ce.

"Ba zai rufe ba, Baba."

"Amma zai rufe gefen kwari. Gobe sai mu yi binne, mu sa shi a busasshiyar ƙasa, ya jira ruwa tare da mu."

Daga bakin kasuwa muka ji motar kudu tana kiran fasinja. Inna ta dube shi, ƙannena suka dube shi. Baba ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya kama gefe ɗaya na ƙyauren.

"Kama mini can," ya ce, "mu mayar da shi."