Bakin Buhun da Kawu Ya Ce In Bari a Buɗe

Yau da safe na buga sunan ɗan shirin da na rubuta a kwamfuta, na ƙara sunan garin "Runka" a gabansa don ya fito min da jerin manoman can. Nan take zuciyata ta tafasa.

Kawu ne ya koya min wannan, tsohon malamin lissafi a Safana da ya kama kwamfuta da furfurarsa. Wata rana na same shi a zaure, yana ƙamshin man zafi, tabarau ɗaure da zare. Na nuna masa shirin, wanda na cusa sunan garin Karare a cikinsa, kowane gari sai na buɗe na gyara.

Ya ce, "Kai ɗan nan, wa ke ɗinke buhu kafin ya zuba gero? Bar bakinsa a buɗe. In ka kira shirin, sai ka miƙa masa sunan garin."

Bara war haka 'yan bindiga suka tare motar su Kawu a hanyar Runka, suka kora su daji, suka harbe shi don ya kasa tafiyar daji. Dattijo mai dogara sanda! Ban yafe ba, ba kuwa zan yafe ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu. Su kuma Allah Ya tona asirinsu tun a duniya.