Baba Hammadu da Sulhun Bakin Famfo

Duk wanda ya zauna a Fagge a wancan zamani ya san ba a gama gaisawa da Baba Hammadu sai an amsa masa tambaya ɗaya: "Kai daga wane dutse kake?" Ba ya tambayar gari, ba ya tambayar sunan uba. Shi a wurinsa dole mutum ya fito daga wani dutse, in kuwa ba ka da shi to kai abin tausayi ne, sai ya ƙara maka goro. Ranar da aka je nema mini auren 'yarsa Dija, kawuna ya gyara zama ya ce mu Kanawa ne, ga Dala ga Goron Dutse duk namu ne. Baba ya ce ai ya gan su. A garinsu irin waɗannan guda uku mata ke haɗawa su ɗora tukunya, mu kuwa biyu gare mu, ko murhu ba mu cika ba. Amma tunda yaron tela ne, a ba shi, aƙalla ba za ta yi yawo da tsumma ba. Haka na zama surukinsa, kuma kun san suruki ba ya musu, shi ya sa yawancin abin da zan faɗa muku a kaina ya ƙare.

Mutumin duwatsun gabas ne, can bayan Barno, inda ƙasar Ingilishi ta haɗu da ta Faransa. Tun yana saurayi ya zo Kano, ya musulunta, ya yi aure, ya kafa sana'ar sayar da dutsen niƙa. Amma akwai abu ɗaya da ya ɗauko daga gida bai ajiye ba. A garinsu duwatsu biyu ne ke kallon juna, akwai idon ruwa a tsakani. Kakanninsu sun daɗe suna kashe juna a kan ruwan nan, har dattawa suka gaji da binne samari, suka yi rantsuwa. Duk shekara, in ruwan farko ya sauka kafin a yi shuka, ɓangarorin biyu za su haɗu a bakin idon ruwan, a bar baka da kibiya a gida. Su Baba su kawo bunsuru, na wancan dutsen su kawo zuma. Kowa ya zazzage laifin da yake riƙe da ɗan'uwansa a gaban idonsa, da zagi da gori da komai, sannan a sha ruwa da ludayi ɗaya a ci nama, magana ta mutu a nan. Da Turawa suka zo suka ja iyaka ta tsakiyar ruwan, dutsen su Baba ya faɗa hannun Ingilishi, wancan ya faɗa hannun Faransa, mutane ba su fasa ba. Gidan su Baba ne ke riƙe ludayin, shi ya sa yake ganin ko a bangon duniya yake rantsuwar tana wuyansa.

Sai Allah ya haɗa shi da mutum ɗaya tak na wancan dutsen a duk faɗin Kano. Zira sunansa, Kirista ne, tsohon kukun sojan Faransa, yana haya a Sabon Gari a gidan wani kafinta Inyamuri mai suna Okoro. Zira yana son a riƙa ce masa Misye, wai haka ake kiran mutumin kirki a Faransa. Baba ya ce harshensa ba ya juyawa, iyakar abin da zai iya shi ne Mushe. Har ya mutu Mushe yake kiransa, shi kuma yana kiran Baba Jakin Ingila. Kar ku ce ba sa shiri. In ɗaya ya kwana biyu bai ga ɗaya ba sai ya fara ciwon kai.

To Kano ba idon ruwa. Sai suka zaɓi famfon da ke bakin titi tsakanin Fagge da Sabon Gari, suka ce shi ne iyaka. Ni ne mai riƙe dabba. Shekarar farko da na je, bunsuru ne na gaske, har da gemu. Shekara ta biyu wani ɗan akuya ne da iska ke kaɗawa. Ta uku na zo ɗauka sai Inna, matar Baba, ta miƙo mini zakara tana ɓoye dariya a cikin mayafi. Zira na ganin zakaran ya ce an karya rantsuwar kakanni. Baba ya ce a gaya masa, a cikin kaji wane ne bunsuru in ba zakara ba? Ya ƙara da cewa mutum biyu da suruki ɗaya ba sa cinye akuya, kuma almubazzaranci haramun ne. Sannan ya karɓi kwalbar zumar Zira ya ɗaga ta a rana, ya juya ta, zumar ta gangaro kamar ruwan rijiya. Ya tambaya ko ƙudan zuman Faransa a cikin randa suke kwana. Zira bai ko ƙifta ido ba, ya ce zumar daidai take da bunsurun.

Ku tuna fa duk wannan a bakin famfo ake yi, 'yan ga-ruwa sun yi layi da garewaninsu, tsofaffi biyu sun tare wuri suna nuna juna da yatsa cikin yaren da ba mai ji. Wata shekara wani sabon ɗan sanda ya ɗauka faɗa ne, ya shiga tsakani ya kama hannun Zira. Nan take Baba ya juya kansa, ya ce wa ya ba shi izinin taɓa masa abokin gaba? Zira ma ya taya. Ɗan sanda ya rasa wane ne mai ƙara wane ne mai laifi, ya saki hannu ya koma gefe yana kallo, daga ƙarshe shi ya ci wuyan zakaran.

Malamin unguwarmu ma ya taɓa kiran Baba ya yi masa nasiha, ya ce yana jin tsoron kada abin ya zama al'adar jahiliyya. Baba ya durƙusa da ladabi ya ce ba gunki ba tsafi, da bisimilla yake yanka, sulhu kawai ake yi, in akwai babin da ya hana sulhu malam ya buɗo masa zai daina yau. Malam ya ce babu. Baba ya ce to a shekara mai zuwa za a kawo wa malam cinya. Ya kuwa kawo, sai dai ya gaya wa kowa cewa cinyar bunsuru ce ta tsotse a hanya.

Wadda ba zan manta ba ita ce shekarar da aka yi tashin hankalin nan tsakanin Fagge da Sabon Gari. Manyanku sun sani, ba sai na buɗe ciwo ba. An ƙone shaguna, an rasa rayuka, mutanen da suka yi shekaru suna ciniki tare suka koma ba mai iya kallon wani. Hukuma ta ja waya mai ƙaya tsakanin unguwannin biyu, ta zuba 'yan sanda. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka.

Da safe Inna ta aiko a kira ni. Na tarar Baba ya sa babbar rigarsa, ludayi a aljihu, zakara a hammata. Inna tana kuka tana cewa in hana shi. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi, ta yaya zan hana shi? Na dai ce, Baba, da an ɗan jira ƙura ta kwanta. Ya ce a lokacin zaman lafiya ai kowane rago yana iya zuwa bakin ruwa, rantsuwar don irin yau aka yi ta. In ya fasa, ya yi abin da ko Faransa da Ingilishi ba su iya sa mutanensu sun yi ba. Ya miƙo mini zakara. Na karɓa, kuma wallahi ban san wanda ya fi tsorata tsakanina da zakaran ba.

Muka iso bakin waya. Ta ɓangarenmu samari ne tsaitsaye da gora da sanduna, ta can ma haka, 'yan sanda a tsakani. Famfon ya faɗa ta can ciki, ba mai isa gare shi daga wajenmu. Wani saje ya daka mana tsawa mu koma. Baba bai kula shi ba, ya kafa hannu a baki ya ƙwala kira: "Mushe!" Kowa ya juyo yana kallonmu. A irin wannan rana mutum ya tsaya bakin waya yana kiran mushe, ku da kanku kun san yadda za a ji shi. Na ga samarin can sun gyara riƙon sanda, na fara salati.

Sai ga Zira ya ratso ta cikin mutane da kwalbarsa, Okoro kafinta na biye da shi ɗauke da bokitin ruwa, fuskarsa duk tsoro kamar tawa. Ashe Okoro ma ba da son ransa ya zo ba, matarsa ce ta turo shi.

Suka tsaya waya na tsakaninsu suka fara, kuma ran nan da Hausa suka yi, don Baba ya ce kada a zaci shirin yaƙi suke ƙullawa. Zira ya ce Baba ya sayar masa da dutsen niƙa mai sa tsakuwa a tuwo. Baba ya ce haƙoransa ne suka tsufa. Baba ya ce Zira ya gaya wa mutane dutsensu jujin toka ne. Zira ya ce ya faɗa, kuma zai ƙara. Wani daga cikin samarin ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya gimtse. Suka yi ta yi har laifuffuka suka ƙare, sai Baba ya share fuska da hannun riga.

"Saura ɗaya," in ji shi. "Duk abin nan da ake yi, ba ka aiko ko yaro ya gaya mini kana da rai ba."

"Kai ka aiko ne?" in ji Zira.

Baba ya zura ludayi ta tsakanin ƙayoyin waya, Okoro ya cika shi, tsofaffin suka sha. Sannan Baba ya ce doka ce, duk wanda ya tsaya a bakin ruwa ya ji abin da aka faɗa sai ya sha, in ba haka ba ya tafi da maganar mutane a cikinsa. Ya sa Okoro ya sha, ya sa ni na sha. Ya miƙa wa wani ƙaton saurayi mai gora da ke kusa da mu. Yaron ya duba hagu da dama, ya ga tsoho ya ƙura masa ido, ya jingine gorar ya karɓa da hannu biyu. Saje ma ya sha, ya ce ƙishi ne kawai, ba wani abu ba.

Ni kuwa garin riƙe ludayi na sassauta hannu, zakara ya fizge ya bi ta ƙarƙashin waya, ya shige Sabon Gari a guje. Baba ya ce alhamdulillahi, an miƙa bunsuru. Zira ya ce dabbar da ta kawo kanta ba a ce an miƙa ta ba, kuma bai ga inda ta yi ba. Wannan shari'ar ba su taɓa yanke ta ba. Rikicin gari dai hukuma da manyan gari ne suka kashe shi, amma kada ku gaya wa Baba. Har ƙarshen ransa in an yi zancen sai ya ce ba ya son yabon kai, amma a duba a ga bayan zuwansa bakin waya ko an ƙara jifan kowa.

'Yan shekaru kaɗan bayan haka ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba. Zira ya zo, ya tsaya gefe har aka idar da salla, ya bi mu maƙabarta da ƙafa, ga tsufa. Da aka zo rufewa ya tambayi liman ko an yarda shi ma ya zuba ƙasa. Liman ya ce ya zuba. Ya durƙusa ya zuba, ya yi wata 'yar magana da yarensu. A hanyar dawowa na tambaye shi me ya ce. Ya ce ya gaya masa ne ya yi haƙuri ya zauna lafiya da mutanen can, kada ya tsokani kowa. Kafin damina ta zagayo ya tattara kayansa ya koma gida, ya ce Kano ta yi masa shiru.

Allah ya jiƙan Baba Hammadu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya ƙi kwana da gaba a zuciyarsa, Allah kada ya riƙe shi da komai.