Mai Duba Tuƙin Baba

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana shugabancin sashen kuɗi a wani babban kamfanin jigilar kaya, kuma in aka bi ta gaskiya, aikinsa duka shi ne ya ce a'a. Ba da faɗa yake faɗarta ba. Zai saurare ka har ka kai aya, ya cire tabarau ya goge da hankici, sannan ya ce, "Bari a duba." Har ma'aikatansa suka laƙaba masa suna Bari-a-duba. Ya sani, kuma na lura yana jin daɗin sunan. Ina ƙarama nakan bi shi ofis lokacin hutu. Ɗaki ne mai taga ɗaya da ke kallon filin ajiye manyan motoci, da teburin da babu komai a kansa sai tarho da hotonmu, da kujerun baƙi guda biyu waɗanda har gobe ina zargin da gangan aka zaɓo marasa daɗin zama. Na sha ganin manya masu tumbi sun shiga suna ƙyaƙyata dariya, sun fito suna share gumi.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma da ita muka tashi: mutum ba ya duba aikin kansa. Duk shekara idan masu binciken kuɗi suka zo daga waje, sauran shugabanni sai ciwon kai da tafiyar gaggawa. Baba kuwa shi ke share musu tebur, ya miƙa musu makullan durowa, ya koma ɗakin taro ya zauna kamar baƙo.

A gida wani mutum ne daban. Da ya shigo zai kwance taye, ya naɗe hannun riga, ya zauna a ƙasa muna aikin makaranta. Ba ya cin abinci sai Mama ta zauna. Kamfani ya ba shi direba, amma bai taɓa yarda wani ya kai mu makaranta ba, shi ke kai mu da kansa sannan ya wuce aiki. Mama takan tsokane shi ta ce, "Darakta a waje, direba a gida." Shi kuma ya ce, "Na biyun ya fi albashi."

Da ya yi ritaya, kamfanoni suka yi ta zarya a ƙofarmu suna neman ya zama mai ba su shawara. Duk ya sallame su, ya ce ya samu aiki. Aikin shi ne jikoki: 'yan matana biyu da 'yar Yaya, babban wanmu. Kowace safiya sai ka ji hon ɗin tsohuwar farar motarsa a bakin get, ya goge ta tana ƙyalli, ya jera musu gorunan ruwa a kujerar baya. Yana kiransu hukumar gudanarwa. In suka yi gardama kan waƙar da za a rera, sai ya ce a kaɗa ƙuri'a, kuma kullum shi ake kayarwa. Ban taɓa ganin Baba cikin nishaɗi irin na shekarun nan ba.

Sai abubuwa suka fara bayyana a jikin motar. Yau ƙarje a ƙofar hagu, gobe madubin gefe ya karye an ɗaure shi da salatif. Wata rana babbar 'yata tana cire takalmi ta ce, "Umma, yau ma Kaka ya hau gefen titi, mun yi ta dariya." Ni ban yi dariya ba. Ai 'ya'yana ne a cikin motar nan kullum, safe da rana.

Kowa a gidan ya gani, ba wanda ya iya buɗe baki. Yaya, wanda yake tsawatar wa ma'aikata a wurin aikinsa, in ya zo gaban Baba sai ya koma duban ƙasa. Auta ta ce ita ba ruwanta, kada a sa ta kuka. Na je wurin Mama, ta ce, "Ni? In na faɗa zai ce tun da can ba na son motar ne. Kuma gaskiyarsa, ba na sonta." Raina ya ɓaci da su duka. An bar rayukan yara a hannun kunya, ana jiran wani ya fara.

Ashe Baba ya riga mu. Wata Asabar ya tara mu a falo, ya kashe talabijin.

"Na ji ana ƙus-ƙus a kan tuƙina," in ji shi. "Ni a ganina lafiya lau nake tuƙi. Amma ganina ba hujja ba ne, sai an duba." Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya fara da Yaya. "Kai tsorona kake ji. Ke Auta tausayina zai hana ki. Uwarku kuma ta riga ta yanke hukunci tun kafin a zauna." Sai ya tsaya a kaina. "Lauya, ke ce. Ki zauna gefena mako guda, kada ki ce komai, ki duba kawai. Ran Asabar ki faɗa min abin da kika gani."

Lauya yake kirana tun ina yarinya, saboda bakina ba ya mutuwa. Ranar kam sai da ya mutu.

Na shiga motar nan ina addu'ar kada in ga komai. Kuma da farko kamar addu'ar ta karɓu. Baba ya san hanyar nan kamar tsakar gidansa: yana rage gudu tun kafin a kai rami, yana kunna sigina tun daga nesa, yana tsayawa a danja tun kafin ta yi ja. Yaran na waƙa a baya, yana amsa musu da muryarsa mai kauri. Sai a hankali na gane abin da ke faruwa. Da ƙwaƙwalwa yake tuƙi, ba da ido ba. Duk abin da ya saba samu a wurinsa, yana gani. Abin da ya shigo sabo, musamman ta hagu, babu shi a duniyarsa. Mai keke ya gifta, Baba bai ko juya kai ba. Wata mota ta fito daga lungu ta danna hon, ya ce, "Mutanen nan ba su da haƙuri."

Ran Alhamis, daf da ƙofar makaranta, wata yarinya ta saki hannun uwarta ta shigo titi ta hagu da jakarta a baya. Na jira ƙafarsa ta bar totur. Ba ta bari ba.

"Baba!"

Ya taka birki, gorunan ruwa suka zube, motar ta tsaya yarinyar na dafe da gaban motar. Uwar ta fizge ta tana zaginmu, kuma ban ga laifinta ba.

"Na gan ta," in ji Baba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Washegari na ce motata za mu ɗauka, ni zan tuƙa, bai yi musu ba.

Ran Asabar ya fito falo cikin kwat da taye, kayan da rabonsa da su tun bikin sallamarsa daga aiki. Ya zauna, ya ɗora makullin motar a gwiwarsa.

"Ina jinki."

"Baba, ba ka ganin hagunka. Tuƙi ya ƙare."

Auta ta fara jan hanci, Yaya yana nazarin kafet.

"In na canja tabarau fa?"

"Za mu je likita ya duba idon. Amma makullin yau ne, ba sai mun dawo ba."

"To safe kawai. In gari ya waye sosai, a hankali, hanyar da na sani."

Muryarsa ta yi ƙasa, irin ta mai roƙo, kuma ban taɓa jin Baba yana roƙon kowa ba. Zuciyata ta karye, amma na tuna jakar yarinyar nan a gaban mota.

"A'a, Baba."

"Ko babu yara a ciki? Ni kaɗai?"

"Akwai yaran wasu a waje."

Sannan ya miƙa hannu ya ajiye makullin a kan tebur, a hankali, don kada ya yi ƙara.

"Rahoto ya karɓu," in ji shi. "Aiki ya yi kyau." Ya tashi ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Na shiga kicin na yi kuka mai isata. Mama ta biyo ni ta dafa kafaɗata, ta ce, "Ya isa. Da bai san za ki iya ba, da bai zaɓe ki ba." Likita daga baya ya tabbatar da abin da na gani, ya ce ba abin da tabarau zai gyara.

Ran Litinin na zo da motata ina fargabar ko zai fito. Na same shi tsaye a bakin get, ya yi wanka tsaf, da gorunan ruwa a hannu. Na buɗe masa ƙofar gaba, ya girgiza kai, ya shiga baya ya zauna a bayan kujerata, jikokin suka matse shi.

"Hukuma ta sauke ni daga direba," ya ce musu. "Yanzu ni ma mamba ne, ina da ƙuri'a."

Haka muka ci gaba har yaran suka gama firamare, har ƙarfinsa ya ƙare. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara aikin mutane bai taɓa ce min ko sau ɗaya na rage gudu ko na kula da kwana ba. Sai dai duk mahaɗar da muka tunkara, yana cikin waƙa da yaran, nakan ji tafin ƙafarsa ya danno bayan kujerata a hankali, yana taka birki.