Igiyar Kawu Modu

Shekarar da haƙorana na gaba suka fita, wata safiyar Laraba bayan tsinkar tattasai, Kawu Modu ya cusa ni cikin kwando ya ce in riƙe da kyau, sama za ni. A garkarmu ta Shetimari ne, bakin Komadugu. Awaki sun addabi shanyarsa, shi ne ya kafa wata rumfa mai tsawon da in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi, don a riƙa shanya tattasan a samanta. Inna ta ce ya yi tsani kamar kowa, ya ƙi. Wai ya ji a rediyo Turawa na shirin sako igiya daga tauraron ɗan'adam har ƙasa, su riƙa jan mutane cikin akwati. "Su da za su sama ma ba su nemi tsani ba, sai ni?"

Igiyar kuwa, Allah ya kiyaye. Fatar mushen sa ya samo, ya yanka siri-siri, ya jiƙa a rami har ta yi kore, mu yara aka sa murzawa. Tsutsa na bin yatsunmu, ƙudaje na raka mu har gida, Inna ta hana mu taɓa tulu ko da mun goge hannu da toka. Masu sayen tattasai suna tafe daga tsallaken kogi, don haka Kawu bai jira igiyar ta bushe ba. Maza uku na ja, ita tana ta miƙewa kamar yauƙin kuɓewa, ruwanta na ɗigo mini a ka, wani har cikin wawulona. Ban kai rabi ba ƙullin ya sulluɓe. Ni da kwando muka afka ramin jiƙon, ruwan ya wanke tulin tattasan da ke gefe. Masu saye suka sunsuna, suka yi sallama. Noman shekara ke nan, ko awakin ba su kula shi ba.

Yanzu a Diffa nake, garkar mun baro ta. Kwanan baya jikana ya nuna mini a waya, ashe Turawan suna nan a kan bakansu, wai har yau ba su sami igiyar da za ta ɗauki nauyin kanta ba. Da na tuna igiyar Kawu, sai na ture kwanon fura. Kawu ya daɗe da rasuwa, ba wanda zan kai wa labarin in yi masa tsiya. Mutumin da ya jefa ni a ramin nan, shi na fi kewa.