Baba Issoufou, Mai Zama Kan Hular Kwano

Da an sallame la'asar za ka ga Baba Issoufou ya fito daga ɗakinsa na unguwar Sultana, can ƙasar Larabawa, ya kama bas zuwa filin kwaleji. Aikinsa kula da kayan 'yan ƙwallon Amurka, wasan nan da samari ke rungume ƙwallo su ruga, suna karo kamar raguna. Kafin su iso ya gama duba hulunan kwanonsu, ya ɗaure abin da ya saki, ya cika sanduƙa da ƙanƙara. Mutumin Damagaram ne, ya tsufa a wannan aiki, amma iyaye da yawa ba su san sunansa ba.

Yana da wata ɗabi'a. Duk yaron da kansa ya bugu ya tashi yana layi, sai Baba ya karɓi hularsa kamar zai goge, ya kife ta a ƙasa ya zauna a kai. Ba hula, ba shiga fili.

Bana ƙungiyar ta fara kakar wasa da shan kashi, daga baya ta farfaɗo har ta kai wasan ƙarshe. A ranar aka maka Haisam da ƙasa, ƙanen wata mai suna Zulfa, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Tana tsaye bayan shingen waya da goyo, ta ga ya miƙe ya nufi bencin abokan hamayya.

Kafin koci ya waiwayo, Baba ya riga ya zauna.

"Ya ammi, wallahi ana tayyib, ba ni hulata," in ji Haisam, Larabci na cin Hausarsa.

"Lafiyarka lau? To ina muke?"

"A fili mana."

"Wane fili? Da wa kuke wasa?"

Yaro ya yi ta ƙifta ido. Abokansa suka yo ca, wani har da cewa a tuna wa tsoho wa ke sabunta masa iƙama, takardar izinin zama. Baba ya gyara zama.

"Ni ba likita ba ne, gwiwa ce ke ciwo. In ta huce na tashi."

Ba ta huce ba sai da aka busa tashi. Kofi ya kuɓuce. Asibiti suka ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, ya bar wasa sai baɗi.

Baba, kai ne ka sha harara da gori, har aka daina amsa maka sallama, ba ka kai ƙarar kowa ba. Kai ne katangar 'ya'yan mutane. Allah Ya saka maka da alheri, Ya kai ka gida lafiya.

Don kuwa gida zai koma bayan Idi, gwiwar ta gaji da gaske. Haisam kuma ya fara maganar atisaye. Ku da za ku gaji Baba, mun roƙe ku, ku koyi zaman nan. Zulfa dai ta riga ta tambaye shi ko ana barin mace ta zauna a bakin fili.