Haƙorin Mai Zare

Yayata ba ta iya zama. Ko a layin ganin likita, kafin a kira mutum biyu ta miƙe ta gyara wa wata ɗankwali. Abu ɗaya ke zaunar da ita, kan mutum a tsakanin gwiwoyinta da baƙin zare a hannu, shi ma ƙafarta na karkaɗawa kamar mai taka keken ɗinki. Shekara talatin tana kitson zare a barandar gidanta, har sunanta ya ɓace. Mai Zare kowa ke ce mata, har mijinta in ya yi fushi.

Aikinta hannu uku yake so. Hagu ya riƙe gashin da ta tsaga, dama ya naɗe shi daga gindi zuwa baki, haƙorinta na gaba kuma ya danne zaren kada ya saki. Haka ta yi ta yi har zare ya yi wa haƙorin hanya. Na sha ce mata, "Yaya, haƙorin nan ya fi ni aiki, ki ba shi hutu."

Sai ta ce, "Wa bai fi ka aiki ba, auta?"

Farkon bana haƙorin ya gaji. Likita ya cire shi, ya sa mata na roba, ya ce ita da cizon zare har abada. Kwana tara ba ta taɓa kan kowa ba. Ta share baranda sau uku a wuni, ta wanke matazan da ta wanke jiya, ta warware zare ta sake naɗewa, ta leƙa titi, ta dawo, ta sake leƙawa. Mijinta ya koma fita aiki tun mai gadi bai buɗe ƙofa ba.

Rana ta goma wata malamar makaranta ta zo. Man miƙar da gashi ne ya cinye mata kai, Yaya ke farfaɗo da shi da zare duk mako uku, har ya fara taɓa kunne. Ta ce, "Mai Zare, in kika sake ni yanzu, aski zan yi."

Yaya ta ce, "Zauna."

Ina gefe ina shan shayi. Ta naɗe tsagi uku ba haƙori, biyu suka saki. A na huɗu ta cafki zare da haƙorin robar ta ja. Haƙorin ya fice, ya faɗa cinyar malama.

Na ce, "Malama, kyauta ce, duk mai tsagi huɗu ana ba ta." Ba wanda ya yi dariya.

Yaya ta rufe baki da hannu ta ce, "Shi ke nan, na gama sana'a." Ta shiga ɗaki, ta fito, ta koma. Malama na zaune, tsagi ɗaya a tsaye kamar ƙaho, sauran gashi a barbaje, tana cewa, "Da wannan kan zan shiga aji gobe?"

Nan na tuna marigayiya mahaifiyarmu, wadda a babban yatsan ƙafa take maƙala zare, ta miƙe ƙafar ya yi tsauri. Yaya ta raina wannan tun tana budurwa, wai ba ta haɗa ƙafa da kan mutane. Na ɗaga murya na ce, "Inna dai da haƙoranta cif ta tafi."

Ta fito ta harare ni, ta kira ni mara aikin yi, ta tsaya tana duban ƙafarta. Can ta cire silifa ta zauna.

Aikin awa biyu sai da ya kai la'asar. Zare ya zame sau shida, ta zage ni sau shida, amma ba tsagin da ya saki. Malama ta shafa kai ta ce, "Nan da mako uku ke nan?"

"Ki zo da wuri, ƙafar ba ta da sauri."

Har yanzu tana share baranda sau uku. Amma in zare na yatsanta, ƙafar nan ba ta isa ta motsa ba. Ni da na san ta tun ina goye a bayanta, sai bana na ga Yaya ta zauna.